Abin da likita ya rubuta, shi hukuma ke gani, shi take biya

Tun ran 1 ga watan Janairu na shekara ta 2022 sabon kundin lambobin cututtuka na Hukumar Kiwon Lafiya ta Duniya, OMS, ya soma aiki. Mai karatu zai iya cewa wannan magana ce ta likitoci da masu lissafi, ba ruwan talaka da ita. To amma waɗannan lambobi su ne ke faɗa wa gwamnati abin da ke kashe jama'arta, kuma a ƙasashe da dama su ne ke yanke ko nawa za a biya asibiti. Ga asalin al'amarin, ga kuma inda ya shafe mu.

Duk wanda ya taɓa kai maras lafiya gidan likita ya san wannan kuka. An yi sammako, an bi layi har rana ta take, an samu an shiga, sai malamin asibiti ya ɗago kai sau ɗaya ko sau biyu, sauran lokacin duka idonsa na kan takarda. Ya rubuta cikin babbar rajista, ya rubuta cikin karne, ya rubuta ordonansi, ya ja layi a wata takarda ta dabam. Mutum ya fito yana gunaguni, yana cewa takarda aka duba, ba shi ba.

Kukan yana da hujja, kuma za mu dawo kansa. Amma kafin nan bari mu tambayi ƴan kasuwa, domin sun fi kowa sanin darajar abin da aka rubuta. Alhajin da kayansa suka iso duwan a Maraɗi ko a Birnin Ƙonni ya san ba a yanke kuɗin fito da fatar baki. Shinkafa da lambarta, atamfa da tata, tayar mota da tata, cikin kundin da ƙasashen duniya ke aiki da shi tun 1988. In mai cika takardar bayanin kaya ya kuskure lamba, ko dai Alhaji ya biya abin da ya fi ƙa'ida, ko kuwa a ci shi tara. Kayan na nan yadda suke cikin mota, amma hukunci a kan lambar ake yin sa.

To, haka abin yake a fagen kiwon lafiya. Kowace cuta tana da lambarta, kuma lambar daga alƙalamin likita take fitowa.

Daga kantin tufafi zuwa OMS

Abin mamaki, ɗan kasuwa ne ya share wannan hanya. A birnin Landan, cikin ƙarni na 17, akwai tsofaffin mata da aka ɗora wa aikin duba gawa su faɗi abin da ya kashe mai ita. Magatakardan cocin unguwa ya rubuta, kowane mako a buga jimilla, musamman don a san ko annoba ta shigo gari. Wani mai kantin tufafi da kayan ɗinki, John Graunt, ya tara waɗannan takardu na shekaru masu yawa, ya yi musu irin lissafin da yake yi wa hajarsa, ya fitar da littafi a 1662. A cikinsa ya ƙiyasta cewa fiye da kashi ɗaya cikin uku na yaran birnin ba sa kai shekara shida.

Sai dai matsala ta bayyana tun a lokacin: cuta ɗaya, suna goma. Abin da wannan ya kira masassara, wancan ya kira shi da wani suna, kuma ba a haɗa lissafi da mudu iri-iri. Likitan Ingila William Farr, wanda ya kama aikin ƙididdigar mace-mace a 1839, ya yi shekaru yana fama da wannan. A 1853 taron masana ƙididdiga na Burusel ya nemi shi da wani likitan Janeba, Marc d'Espine, su tsara sunayen da kowa zai yi aiki da su. Ba a kai gaci ba sai a 1893, a birnin Shikago, inda aka amince da jerin da Jacques Bertillon, shugaban ma'aikatar ƙididdiga ta birnin Paris, ya gabatar. Mafi tsawon jerin nasa suna 161 ne kacal. A 1900 wakilan ƙasashe 26 suka taru a Paris suka yi masa gyaran farko, aka kuma yarda a riƙa sabunta shi wajen kowace shekara goma.

A 1948 OMS ta karɓi aikin, ta faɗaɗa shi ya haɗa da cututtukan masu rai, ba abin da ya kashe matattu kaɗai ba. Wannan kundi shi ne masu Faransanci ke kira CIM. An amince da gyara na goma, CIM-10, a 1990, ƙasashe suka soma aiki da shi daga 1994, da lambobi sama da dubu 14. Tsarinsa mai sauƙi ne: harafi ɗaya da alƙaluma biyu, sannan ɗigo da wani alƙalami don ƙarin bayani. Cutar amai da zawo A00 ce, ƙyanda B05, amosanin jini D57, zubar jini bayan haihuwa O72. Masassarar cizon sauro mai tsanani irin ta ƙasarmu B50 ce. In ta taɓa ƙwaƙwalwa ta zama B50.0; in kuwa likita ya rubuta sunan cutar tsurarsa, ba ƙarin bayani, sai a jefa ta B54, wato wadda ba a tantance ba. Da cutar korona ta ɓullo a 2020, cikin gaggawa OMS ta yanka mata lamba, U07.1, don likitan Tawa da na Tokiyo su ƙidaya abu ɗaya da suna ɗaya.

Ranar da lamba ta zama kuɗi

Shekara 90 bayan Bertillon waɗannan lambobi galibi suna hannun masu ƙididdiga, ba wanda ya damu da su sai su. A Amurka ne labari ya canja. Can akwai asusun gwamnati mai suna Medicare, wanda aka kafa a 1965 don biyan kuɗin jinyar waɗanda suka kai shekara 65. Da farko asusun yana biyan asibiti gwargwadon abin da ya kashe: kwana nawa, allura nawa, hoto nawa. Kowa ya san ƙarshen irin wannan ciniki. In ka ce wa magini za ka biya shi duk simintin da ya zuba da duk ranar da ya fito, ka daɗe ba ka tare a gidanka ba.

Masana biyu na jami'ar Yale, Robert Fetter da John Thompson, sun riga sun tsara hanyar kasa majinyata rukuni-rukuni, bisa ga cutarsu da aikin da aka yi musu da irin ɗawainiyar da suke ci. Ana kiran tsarin DRG. Daga ran 1 ga watan Oktoba na 1983 Medicare ya ɗauke shi: rukuni wajen 470, kowane da farashinsa yankakke. In asibiti ya kashe ƙasa da farashin, riba tasa ce. In ya zarce, asara tasa ce. Wato jinga ta maye gurbin aikin yini. Nan da nan kwanakin da majinyata ke yi a gadon asibiti suka ragu.

To, wa ke cewa majinyaci ya faɗa wannan rukuni ko wancan? Lambobi. Wa ke saka lambobi? Wani ma'aikaci ne da bai taɓa ganin majinyacin ba, abin da ke gabansa kawai shi ne rubutun likita. Ƙa'idar aikinsa kuwa tana da tsauri: ba shi da ikon saka wa cuta lamba in likita bai ambace ta ba, ko da sakamakon awon jini ya nuna ta ƙuru-ƙuru. Iyakarsa ya koma wa likitan da tambaya a rubuce. Daga watan Oktoba na 2007, da aka sake fasalin rukunan bisa ga tsananin ciwo, kalma ɗaya ta ƙara nauyi. A misali, in majinyaci ya kwanta don wata cuta, likita ya ƙara da cewa yana da gazawar zuciya, ya yi shiru, ba a ƙara wa asibiti ko dala. In kuwa ya bayyana irinta, ya ce kuma ta taso ne farat ɗaya, sai majinyacin ya hau rukuni mafi tsada. Jinya ɗaya ce, gado ɗaya, magani ɗaya, amma kuɗin ba ɗaya ba. Wannan ya sa asibitocin Amurka suka ɗauki ma'aikata na musamman, yawancinsu tsofaffin malaman jinya, waɗanda aikinsu shi ne bin takardun majinyata suna tuna wa likitoci su cika bayani.

Inda aka buɗe ƙofar riba kuwa, ba a rasa mai shiga da takalmi. Tun a 1981 wani likita, Donald Simborg, ya yi kashedi cewa asibitoci za su riƙa kumbura cututtuka a takarda don su hau rukuni mai tsoka, har ya kamanta ɗabi'ar da sabuwar cuta da ake ɗauka a asibiti. Maganarsa ba ta faɗi ƙasa ba. Tsakanin 2000 da 2003 kamfanin asibitoci na HCA, ɗaya daga cikin mafi girma a ƙasar, ya biya hukuma dalar Amurka miliyar 1 da miliyan 700 na tara da diyya a kan laifuffukan neman biya, cikinsu har da mayar da ciwon huhu mai sauƙi ya zama mai tsanani a takarda.

Duk da haka tsarin ya bazu. Faransa ta soma tattara bayanan majinyata ta wannan hanya tun 1982, daga 2004 kuma ta shiga biyan asibitoci gwargwadon aikin da suka rubuta, abin da suke kira T2A, har ya game asibitocin gwamnati a 2008. Likitoci suka yi ta kukan cewa an mayar da su masu tseren cika gado, kuma a watan Janairu na 2023 shugaban ƙasar da kansa ya ce lokaci ya yi da za a rage dogaro da tsarin. Kusa da mu, Gana ta kafa inshorar lafiya ta ƙasa a 2003, a 2008 ta ɗauki nata tsarin rukuni. A can ma asibitin da takardarsa ba ta cika ba, ko maganin da ya ba da bai dace da cutar da ya rubuta ba, akan zabge masa kuɗi.

Sauya lamba ba ƙaramin aiki ba ne

Da yake kuɗi ya rataya a kan lambobi, taɓa su ya zama kamar sauya takardun kuɗi a tsakiyar cin kasuwa. Amurka ta ga haka. Ta ci gaba da neman biya da tsohon kundi na tara fiye da shekara ashirin bayan fitowar na goma. An sa ranar sauyi a 2013, aka ɗage zuwa 2014, majalisa ta sake ɗagewa, sai ran 1 ga watan Oktoba na 2015 aka tsallaka. Lambobin cututtuka suka tashi daga wajen dubu 14 zuwa wajen dubu 68, domin Amurkawa sun ƙara wa kundin OMS rassa nasu: hannun dama ne ko na hagu, zuwan farko ne ko dawowa, a ina abin ya faru. Har wanda kaza ta tsattsaga yana da lambarsa, W61.33, abin da ya ba ƴan jarida dariya. Sai da aka sake koyar da dubban ma'aikata, aka sauya tsarin kwamfutoci, Medicare kuma ya yi wa likitoci sassauci na shekara guda: muddin lambar na cikin danginta, ba a ƙin biya.

Akwai wani tarko da ma'aikatan gwamnati ya kamata su sani. Sauyin kundi yakan sauya alƙaluman ƙasa ba tare da an samu sauyi a jikin kowa ba. A 1999, da Amurka ta koma CIM-10 wajen ƙidayar mace-mace, adadin waɗanda aka ce mura da ciwon huhu sun kashe ya faɗi da wajen kashi 30 cikin ɗari, na cutar mantuwa ta Alzheimer kuma ya haura da fiye da rabi. Ba magani aka samu ba, ba annoba aka yi ba; ƙa'idar zaɓen sanadin mutuwa ce ta canja. Ministan da bai san wannan ba zai yi bikin nasarar da ba a ci ba, ko ya tsawata wa ma'aikata a kan laifin da ba su yi ba.

Yanzu ga gyara na goma sha ɗaya ya zo. Babban taron OMS ya amince da CIM-11 a watan Mayu na 2019, ya soma aiki a 2022, da lambobi wajen dubu 17 da kalmomin bincike sama da dubu 120. Fasalin lambar ya canja: B50 ta zama 1F40. Ba littafi mai juzu'i uku ba ne kamar na da. A kwamfuta yake, likita ya rubuta sunan cuta na'ura ta nuna masa lamba, kuma ana iya aiki da shi ko babu intanet. Ana iya ɗaura lamba a kan lamba don a nuna gefen jiki, ko tsanani, ko ƙwayar cutar da ta daina jin magani. An ɗauke shanyewar ɓarin jiki daga babin cututtukan zuciya da hanyoyin jini an mayar da ita babin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. An shigar da jarabar wasannin kwamfuta cikin cututtuka. An kuma buɗe babin maganin gargajiya, wanda ya fara da na Sin da Japan da Koriya, don a iya ƙidaya masu zuwa wurinsa, ba don an yi masa shaidar warkarwa ba. OMS ba ta yanka wa kowa wa'adi ba. Kowace ƙasa da nata taku, kuma Amurka na nan kan kundi na goma.

Nauyin takarda

Mu dawo ga kukan da muka fara da shi. Ashe ba majinyata kaɗai ke yin sa ba. A 2016 wani bincike da aka yi a jihohi huɗu na Amurka ya bi likitoci 57 da agogo a hannu, ya tarar duk awa ɗaya da likita ya yi da majinyaci, yana yin kusan awa biyu gaban kwamfuta da tebur. Dalili kuwa, kuɗin ganin likita ya dogara ne a kan yawan abin da ya lissafa a rubuce: gaɓoɓi nawa ya duba, tambayoyi nawa ya yi. Sai takardu suka kumbura da maimaici, har likitan da ya karɓi majinyaci daga hannun wani yakan sha wuya kafin ya tsinto abin da ke damunsa. Daga ran 1 ga watan Janairu na 2021 aka gyara ƙa'idar: aka koma duba wuyar shawarar da likita ya yanke, ko lokacin da ya ɓata, aka bar ƙidayar layuka.

Darasin a fili yake. Yawan rubutu dabam, ingancinsa dabam. Takardar majinyaci wasiƙa ce daga likitan yau zuwa likitan gobe, kuma ranar da aka mayar da ita takardar neman biya kawai, ta tashi daga aikinta na fari.

Mu fa a Nijar?

Ba a biyan asibitocinmu da tsarin rukuni irin na Amurka. Amma wanda ya ce rubutun likita ba ya ɗauke da kuɗi a ƙasar nan, bai bi tarihi ba. Bayan shirin Bamako na 1987, an gwada biyan kuɗin magani a gundumomin Boboye da Say daga 1993, dokar 1995 ta game ƙasa da shi. A lokacin, majinyaci ne ke biya a take, kuɗin ya shiga asusun gidan likita a sake sayen magani. Daga ƙarshen 2005 gwamnati ta ɗauke wa mata kuɗin fiɗar haihuwa, a 2006 ta ƙara da jinyar yara ƴan ƙasa da shekara biyar, da awon ciki, da maganin tazarar haihuwa. Uwaye suka yi tururuwa, kuma wani nazari da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2012 ya nuna mutuwar yara ƴan ƙasa da shekara biyar ta sauka daga 226 cikin dubu a 1998 zuwa 128 a 2009, ya kuma sa wannan kyauta cikin dalilai.

Amma kyauta ga uwa, bashi ne a kan baitulmali. Gidan likita ya yi jinya, ya cika takardar kowane yaro, ya haɗa takardar neman biya, ta bi ta gunduma, ta hau Yamai, a tantance ta a ma'aikatar kiwon lafiya, sannan ta jira ma'aikatar kuɗi. Masu bincike na cibiyar LASDEL ta Yamai sun bi diddigin wannan hanya, suka nuna yadda biya ke makara da watanni har da shekaru, bashi ya kai dubban miliyoyi na sefa, kantunan maganin gidajen likita suka bushe, aka koma ba uwaye ordonansi su je su saya a waje. Har sai da aka kira taron ƙasa a kan maganar a Yamai cikin watan Maris na 2012. Gaskiya ɗaya ce: babban dalili shi ne kuɗin da aka ware bai kai ba. Amma takardar da ba ta cika ba ita ce ta fi sauƙin mayarwa, kuma mai bin bashin da littafinsa ke da gyara, ko gaban alƙali bakinsa ba ya ƙarfi. A watan Agusta na 2024 hukuma ta zartar da rage farashin jinya da rabi a asibitocin gwamnati. Duk kayan da aka sauke wa majinyaci, wani ne zai ɗauka, kuma da takarda za a auna masa su.

Wani wurin kuma rai ne kai tsaye ke rataye a kan rajista. Sanƙarau na cikin cututtukan da doka ta wajabta a ba da rahotonsu kowane mako. A ma'aunin OMS, in gunduma ta samu mutum 3 cikin dubu ɗari a mako ɗaya, a shiga shiri. In ta kai 10, annoba ce, a nemi allurar rigakafi. Malamin asibitin da ya rubuta “masassara” a inda ya kamata ya rubuta sanƙarau, ko ya bar rahoton mako ya kwana cikin aljihun tebur, ya jinkirta wa gunduma guda taimako. Sunan cutar ma bai isa ba, sai an san irin ƙwayar. Allurar MenAfriVac da aka soma a 2010 ta karya lagon nau'in A, amma annobar 2015, wadda ta kama mutum wajen 8500, ta kashe sama da 570, ta sa aka rufe makarantun Yamai, nau'in C ce, kuma waccan allura ba ta tare shi. Ruwan ƙashin baya da ake ɗiba a aika awo cibiyar CERMES, tare da takardar da ke nuna wane ne, daga ina, yaushe, shi ne ke nuna allurar da za a yi oda.

Sai maganar mamata. A 2021 OMS ta bayyana cewa a nahiyar Afirka mutuwa ɗaya cikin goma kacal ake rubutawa. A wurinmu akasari a gida ake cikawa, a yi sutura ba da jinkiri ba, kamar yadda addini ya koyar, ba wanda ya rubuta komai. Waɗanda suka cika a asibiti kuwa, sau da yawa abin da ake rubuta musu shi ne “tsayawar zuciya”, alhali kuwa babu mamacin da zuciyarsa ba ta tsaya ba. Takardar shaidar mutuwa ta OMS tana son a jera abin daki-daki, har a kai ga tushe. A ce mace ta haihu, jini ya ɓalle, ta cika. In aka rubuta zubar jini bayan haihuwa, ta shiga lissafin mata masu mutuwa wurin haihuwa, lissafin da ke sa a gina ma'ajiyar jini, a tura ungozoma, a sayi motar ɗaukar majinyata. In aka rubuta tsayawar zuciya, ta ɓace sau biyu: danginta sun rasa ta, ƙasa kuma ba ta koyi komai daga rashinta ba. Ajali na Allah ne, ba mai ja. Amma sanin sanadi aikin bayi ne.

Abin da ya rage gare mu

Daga 2017 ma'aikatar kiwon lafiya ta koma tattara rahotannin gidajen likita ta tsarin kwamfuta na DHIS2, wanda jami'ar Oslo ta ƙera. Ci gaba ne, amma kwamfuta ba ta gyara abin da alƙalami ya ɓata. Ba a fafe gora ranar tafiya: ko ba jima ko ba daɗe CIM-11 zai zama harshen kowa, kuma ƙasar da ba ta shirya ba za ta sha irin wahalar da masu kuɗi ma suka sha.

Ga hukuma, abu uku. Na ɗaya, a koyar da rubuta takardar majinyaci da ta shaidar mutuwa tun a jami'a da makarantun malaman jinya, a horar da masu saka lamba a manyan asibitoci, a ba su matsayi cikin ma'aikatan gwamnati. Na biyu, a rage yawan takardu. Malami ɗaya a gidan likitan ƙauye, da layin mata har bakin ƙofa lokacin damina, ba zai iya cika rajistar kowane shiri da kowane mai ba da agaji ba. Abin da aka tambaya sau ɗaya kada a sake tambayarsa sau biyar. Na uku, a biya cikin lokaci. Wanda ya ga takardar bara ba ta haifi komai ba, ba zai ɓata dare yana kyautata ta bana ba. In kuma wata rana aka ɗaura biya a kan lambar cuta, a kafa masu bincike tun ranar farko. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Ga likitoci da malaman jinya, a rubuta abin da aka gani, da sunansa, da tsananinsa, da rubutun da wani zai iya karantawa. Ragewa zalunci ne ga asibiti da ƙasa, ƙarawa kuwa cin amanar dukiyar jama'a ne.

Ga mai karatu kuma, karnen asibiti ba takardar ƙunshe ƙosai ba ce. A adana na kowane yaro kamar yadda ake adana takardar fili, a tafi da shi duk sa'ad da za a je gidan likita, a kuma tambayi malami sunan cutar da ya rubuta. In aka yi rashi, bayan an share makoki a je a sanar da hukuma. Gobe in ka ga likita ya sunkuya yana rubutu, ka nemi haƙƙinka ya dube ka da kyau, ya saurare ka. Sannan ka bar shi ya ƙare layinsa, domin ta wannan layi ne labarin ciwonka zai isa Yamai. Allah ya ba mu lafiya, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.